Kada Ki Gaji da Tausayin Jaki

A Karare na sha hana yara dukan jakin da ke ɗauko mana ruwa da itace, har suka laƙaba mini "uwar jakai". Ran nan na gaji, na yi kuka, na ce na bari.

To, ki saurara. Fataucin fatar jaki zuwa ƙasar Sin ya rage jakunanmu ƙwarai. Masu kare su ba su fid da rai ba, har a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta hana yanka jaki don fatarsa.

In kin gaji ki huta, ki nemi abokiyar shawara. Gobe ki shayar da jaki ɗaya, ki wanke masa miki. Allah na gani.