Akun Magana Jari Ce Daga Indiya Ya Taso

Da wuya a sami wanda ya yi karatun Hausa a makaranta bai san akun Sarki Abdurrahman ba, tsuntsun nan mai bakin tsiya da ya riƙa jan hankalin Musa ɗan sarki da labarai, dare bayan dare, don kada ya fita daga fada ya faɗa tarkon Waziri. Sai dai akun nan baƙo ne. A wani tsohon littafin Indiya mai suna Shukasaptati, aku ne ke ba wata matar aure labari kowane dare har dare 70, don ya hana ta fita yawon banza alhali mijinta ya tafi fatauci. Daga Indiya labarin ya shiga Farisanci da sunan Tutinama a ƙarni na 14.

Yadda ya iso Zariya kuwa sananne ne. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Ganin hazaƙar da Abubakar Imam, matashin malami daga Katsina, ya nuna a gasar, sai East ya ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa. Sakamakon wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku da suka fara fitowa a 1937.

Manazarta sun bi sawun labaran. Wasu daga Dare Dubu da Ɗaya suke, wasu daga tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara bugawa a 1812, wasu kuma daga Italiya.

To, me Imam ya yi da kayan aron? A dubi labarin Kalala da Kalalatu. A wajen su Grimm, wata kuku ce ta cinye kaji biyu da aka gasa wa baƙo. Da baƙon ya iso sai ta raɗa masa cewa maigida na wasa wuƙa ne don ya yanke masa kunnuwa, ta koma ta ce wa maigidan baƙo ya arce da kajin. Imam ya bar ƙashin bayan labarin yadda yake, amma ya mai da shi rikicin miji da mata a gidan Bahaushe, da sunaye da barkwanci irin namu. Haka ya yi wa aku: ya raba shi da matar falke, ya kai shi fada, ya haɗa shi da sarki da waziri da yaƙi. Mai karatu bai taɓa jin warin baƙunta ba.

Ba Imam kaɗai ba ne. Shakespeare ya samo labarin Romeo da Juliet ne daga wata doguwar waƙa da Arthur Brooke ya buga a 1562, shi ma Brooke aro ya yi.

A Kannywood ne muhawara kan aro ta fi zafi. Tun bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, masana'antar ta girma a hannun matasan da suka tashi da kallon finafinan Indiya a gidajen silima na Kano. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin finafinan Hausa da dama da aka kwaikwayo daga na Indiya. Ƙorafin masu suka shi ne wasu na ɗauko komai ɗungurungum, har rawa da waƙa a lambu, ba tare da tambayar ko saurayi da budurwa na haka a Fagge ko Gwale ba. Masu shiryawa kuma su ce abin da 'yan kallo ke saye ke nan.

Akwai kuma wani bambanci da ya shafi doka. Labaran da Imam ya ɗauko tsofaffi ne, Jacob Grimm ma ya rasu tun 1863, don haka babu mai bin sa bashi. Yau kuwa dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Duk furodusan da ke son mai da littafin wani fim, sai ya nemi izinin mai shi ko magadansa tukuna.