Yadda hasken leza na eksire ke dumama ƙarfe kafin ƙwayoyinsa su motsa

A shekarar 2012 wani ayarin masana kimiyya ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oxford ya sanar da cewa ya dumama wani ɗan falle na alminiyom har zafinsa ya kai digiri miliyan 2 a ma'aunin Salshiyas. Ba da wuta aka yi aikin ba. An harba masa wani ɗan gajeren haske ne daga na'urar LCLS da ke cibiyar bincike ta SLAC a jihar Kaliforniya ta Amurka.

Hasken ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi da shi a asibiti ne, wato eksire, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895. Bambancin shi ne wannan ya zo a matsayin leza: an tattara shi wuri ɗaya, kuma yana fita ne a walƙiya-walƙiya.

Yaya gajartar walƙiyar take?

Ana auna ta da abin da ake kira femtosakan. A raba daƙiƙa ɗaya gida miliyan, sannan a raba kowane gida zuwa biliyan: kashi ɗaya daga ciki shi ne femtosakan. Matsayinsa a gaban daƙiƙa ɗaya kamar matsayin daƙiƙa ɗaya ne a gaban shekara miliyan 32. Walƙiyar waɗannan na'urori takan ɗauki gomman femtosakan ne kawai, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Me ke faruwa idan ta sauka a kan abu mai tauri?

Maƙeri idan ya sa ƙarfe a wuta, zafi yana shiga ne sannu a hankali daga waje zuwa ciki, ƙarfen ya yi ja, ya yi laushi. A nan al'amarin ya sha bamban.

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai nauyi, da kuma ƙananan ƙwayoyi marasa nauyi da ke kewaye da ita, waɗanda ake kira elektron. Hasken eksire yana fizge elektron ne daga can kusa da cibiyar, ya cilla shi da matsanancin gudu. Wani elektron ya faɗa gurbin da aka bari, ƙarfin da ya saki kuma ya kori wani. Waɗanda aka kora suna karo da na maƙwabta, su ma su tashi, har abin ya zama ambaliya.

Duk wannan yana kammala ne yayin da cibiyoyin masu nauyi suke nan daram, ba su ko gusa ba. Ke nan akwai ɗan lokacin da abu ɗaya ke ɗauke da zafi iri biyu: elektron sun yi zafi na fitar hankali, gangar jikin ƙarfen kuwa da sanyinta.

Sai bayan haka zafin ke ratsawa zuwa cibiyoyin. Wurin ya narke, ya kumbura, wani sashe ya yi tsiri ya tashi, a bar ɗan rami da sai da madubin ƙara girma ake ganinsa.

A wasu abubuwan ma ba a jira zafin ya iso. Elektron su ne igiyar da ke ɗaure ƙwayoyin zarra da juna, don haka idan aka tayar da su da yawa a lokaci guda, ginin yakan sauya ko ya rushe. Da irin wannan haske masana suka ga lu'ulu'u ya rikiɗe ya koma girafayit, baƙin abin nan da ke cikin fensir.

Me ya sa abin ya dami masana?

Dalili na farko shi ne kare na'urorin kansu. Na'urar European XFEL da aka buɗe a 2017 a yankin Hamburg na Jamus tana da tsawon kilomita 3.4, ta ci sama da yuro biliyan ɗaya, kuma tana iya harba walƙiya 27,000 a daƙiƙa. Sabuwar LCLS-II da ta fara haske a 2023 an tsara ta ne don ta kai miliyan ɗaya. Madubin da ke juya hasken yana iya lalacewa, shi ya sa ake kwantar da shi yadda hasken zai shafe shi kawai ya wuce, kamar dutsen da aka wurga ya yi tsalle a kan ruwa. Sanin iyakar abin da kowane sinadari zai iya jurewa shi ke raba aiki da asara.

Ramin da hasken ya bari ma yana da amfani. Masana a Jamhuriyar Czech sun ƙware wajen karanta siffarsa domin gane faɗi da kamannin hasken da ya haƙa shi.

Na biyu, hasken eksire mai ƙarfi yana ratsa abu ya dumama cikinsa kusan bai ɗaya kafin ya sami damar kumbura. Abin da ake samu, na ɗan lokaci, yana da zafi irin na taurari amma da kauri irin na ƙarfe. Irin wannan yanayi ne ake samu a cikin taurari da manyan duniyoyi kamar Jupita, da kuma a gwaje-gwajen samar da makamashi ta hanyar haɗe cibiyoyin zarra.

Na uku kuwa ya shafi lafiya. Tun da walƙiyar ta riga ɓarnar da take yi sauri, tana iya ɗaukar hoton abu kafin ya tarwatse. An nuna hakan a 2006 a na'urar FLASH da ke Hamburg, inda aka samu hoton wani ɗan zane kafin hasken ya ƙone shi. A yau da wannan dabara ake binciken siffar ƙwayoyin furotin masu ƙanƙanta, ilimin da masu haɗa magunguna ke dogaro da shi. Kowace walƙiya tana hallaka samfurin da ta taɓa, don haka ake kwararo sabo a gabanta, ana tara dubban hotuna har siffar ta fito.