HAWAN DUTSE DA NUTSO A TSIBIRAI: WANE DARASI KE CIKI GA MUTANEN ZARIYA?

Kowace shekara dubban mutane daga Turai da Amurka sukan kashe kuɗi mai yawa, su hau jirgin sama su tafi tsibiran da ke ƙasashe masu zafi domin abu biyu. Na farko, su yi tafiyar ƙasa a kan tuddai da cikin kurmi. Na biyu, su goya tulun iska a baya su nutse cikin teku su ga abin da ke ƙarƙashinsa. Mutumin Tudun Wada in ya ji haka yakan yi dariya ya ce, “Ashe a duniya akwai mai biyan kuɗi don ya wahala?” Gaskiya ne tsakaninmu da bakin teku akwai tafiyar fiye da kilomita 800. Amma 'yan'uwa masu karatu, mu ma muna da dutse, muna kuma da ruwa, kuma idan muka duba yadda mutanen tsibiran nan suke bi da nasu, za mu ga inda muka yi sake da namu, musamman a kan rayukan 'ya'yanmu.

TURBAR ƘAFA A TSIBIRAI

Bari mu fara da tsibirin Dominika da ke tekun Karebiyan. Ƙaramar ƙasa ce, mutanenta duka ba su kai 80,000 ba, kuma kusan dukanta tuddai ne da kurmi. Sun share wata turbar ƙafa mai suna Waitukubuli wadda ta ratsa tsibirin daga kudu zuwa arewa, tsawonta wajen kilomita 185, aka kuma kasa ta kashi 14 domin mai tafiya ya ɗauki abin da zai iya a yini guda. An shafa fenti a jikin itatuwa da duwatsu don kada baƙo ya ɓace. Turbar ta bi ta ƙauyuka, saboda haka mai ɗakin haya da mai sayar da abinci da ɗan jagora duk suna samun na tuwo.

Kusa da mu kuwa, a mashigin tekun Gini, akwai tsibirin Sao Tome, wanda ƙololuwar dutsensa ta kai mita 2,024. A shekarar 2006 hukumar ƙasar ta keɓe kurmin da ke kewaye da dutsen, mai suna Obo, ta hana saran itace da farauta a ciki. Hanyar tana da santsi da hazo, don haka baƙi sukan ɗauki ɗan gari ya yi musu jagora, wato dai da ɗan gari akan ci gari. A Zanzibar ma haka abin yake a kurmin Jozani, inda ake zuwa kallon wani jan biri da ba a samun irinsa a wata ƙasa. Baƙo yakan biya kuɗin shiga, a haɗa shi da mai jagora, a faɗa masa inda zai taka da inda ba zai taka ba.

YADDA AKE NUTSON

Tun zamanin da, masu neman lu'ulu'u da masunta suna nutso da numfashinsu kawai. A shekarar 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke sakar wa mutum iska daga tulun ƙarfe daidai da yadda yake shaƙa. Daga nan mutum ya sami ikon zama a ƙarƙashin ruwa wajen minti 45 ko sa'a guda, yana sanye da tabarau na ruwa da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Abin da suke zuwa kallo shi ne kifaye masu launi iri iri da kunkurun teku da duwatsun murjani, waɗanda wasu ƙananan halittu suke ginawa a hankali cikin ɗaruruwan shekaru.

To, amma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne shi yakan ƙaru daidai da nauyin iskar da ke kanmu a bakin teku. Ke nan a zurfin mita 10 matsin ya ninka biyu. Idan mutum ya cika huhunsa daga tulu a can ƙasa, ya riƙe numfashi ya taso sama, iskar za ta kumbura ta ninka biyu, tana iya yaga masa huhu. Saboda haka dokar farko ita ce kada a riƙe numfashi ko kaɗan. Har ila yau, kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, kuma a ƙarƙashin matsi yakan narke cikin jini. In mutum ya taso da gaggawa, sai ya yi kumfa a jini da gaɓoɓi kamar yadda lemon kwalba yake yi in an buɗe shi farat ɗaya. Wannan yana kawo ciwon gaɓoɓi da shanyewar jiki, har da mutuwa. Shi ya sa ake tasowa sannu sannu, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla sa'a 12 bayan nutso.

Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, tana cikin manyan masu ba da takardar shaidar nutso a duniya. Kafin ta ba sabon shiga takarda, sai ya yi iyo na mita 200, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10 ba tare da ya riƙe kome ba. Sa'an nan a koya masa a ruwa marar zurfi, ya yi nutso huɗu tare da malami. Ko ya sami takardar, iyakarsa mita 18, kuma ba ya shiga ruwa sai da abokin tafiya. Mu lura da wannan da kyau. Baligi ne, da kuɗinsa, da kayan aikinsa, amma ba a yarda ya shiga ba sai an koya masa, an gwada shi, an kuma haɗa shi da mai lura da shi.

NAMU DUTSEN

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya tsaya a fili a Tudun Wada ya dubi yamma zai hango Dutsen Kufena a bayan Wusasa. Tarihin Zazzau ya nuna cewa an zauna a Turunku da Kufena kafin birnin Zariya na yanzu ya zama mazaunin sarauta, kuma masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su John Sutton a shekarun 1970, sun yi nazarin kufan ganuwa da wuraren narka tama a wannan yanki. A gefensa ne kuma mishan ɗin CMS ya koma daga cikin birni a 1929, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa fasalin ginin Hausa, tana nan har yau. Ga kuma Dutsen Madarkaci da ganuwar birni da ƙofofinta. Wanda ya hau Kufena da sassafe bayan saukar ruwa, ya ga gari da gonaki shimfiɗe a gabansa, ba zai yi ƙyashin mutumin Dominika ba.

Ɗalibai da matasan majami'u sukan hau dutsen, musamman lokacin hutu da bukukuwa. Sai dai galibi kowa yakan bi inda ƙafarsa ta kai shi. Mun sha ganin ayarin yara talatin da babba ɗaya tak, wasu da silifas, ba ruwan sha, ba akwatin magani. Da damina gansakuka takan rufe falalen dutse ya zama kamar an shafa masa sabulu. In an sauko kuma, sai a bar ledar ruwa da kwalabe a warwatse, wasu har su rubuta sunayensu da fenti a jikin dutsen da kakanni suka zauna. Gine-gine suna ta matsowa gindin duwatsun garin nan, kuma abin da aka fasa da nakiya ba ya sake tsirowa.

NAMU RUWAN

Maganar ruwa ta fi wannan nauyi. Kogin Kubanni ya taso ta Samaru, inda jami'a ta datse shi, ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ya faɗa Galma. Ban da shi, kusan kowace unguwa tana da kududdufi inda aka haƙi ƙasar gini. Daga watan Yuli zuwa Satumba duk sukan cika maƙil, daidai lokacin da yara suke dogon hutu. Gefen kududdufi a tsaye yake kamar bango, ƙasansa taɓo ne, ruwan kuma ja wur, ba a ganin abin da ke ciki. Yaron da ya je wanka ko kamun tarwaɗa, taku ɗaya ya isa ya kai shi inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Kuma mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda muke zato, don bakinsa yana neman iska ne. Cikin 'yan mintoci an gama. Babu mai aikin ikilisiya ko limamin unguwa da ya daɗe a garin nan bai taɓa zuwa gaisuwar irin wannan rasuwa ba. Wanda ya tsira daga nutsewa kuwa sau da yawa yakan kwaso tsargiya, ya riƙa fitsarin jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A watan Nuwamba na wannan shekarar, jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. Ruwa ba ya tambayar addinin yaro ko ƙabilarsa.

Kada wani ya ce iyo al'adar Turawa ce. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu a kogin Matan Fada, inda masunta suke faɗawa ruwa da gora da homa, ana gasar nutso da kamun agwagwar ruwa da hannu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya. Ɗan Sarkawa yakan koyi ruwa a hannun ubansa tun yana ƙarami, kuma akwai Sarkin Ruwa mai faɗin lokacin shiga da na fita. Ashe tsarin da masu tulun iska suke bi, wato koyo da gwaji da mai lura, mutanenmu na bakin kogi sun daɗe da saninsa. Mu mazauna gari ne muka bar yara su koya wa juna a ɓoye, don mun ɗauka bulala ta isa ta hana su zuwa.

ABIN DA ZANZIBAR TA YI

Abin mamaki shi ne, a Zanzibar da baƙi suke tururuwar nutso, da yawa daga 'yan ƙasar ba su iya iyo ba, musamman mata. A watan Satumba na 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin tsibiran Unguja da Pemba, ɗaruruwan mutane suka halaka. A 2012 wani jirgin ya sake nutsewa. Bayan haka wata ƙungiya mai suna Panje, a garin Nungwi, ta shiga koya wa yara iyo da hanyar ceton wanda ruwa ya ja. Da yake garin na Musulmi ne, sai suka nemi yardar iyaye da malamai, suka samo wa 'yan mata rigunan iyo masu rufe jiki duka, suka horar da mata su koyar da mata. Abin da suke rungumewa don su taso saman ruwa kuwa jarka ce ta roba da ba kome a ciki, irin wadda ke kowane gida a Tudun Wada.

TO, INA MAFITA?

Na ɗaya, duk ƙungiyar da za ta kai yara dutse ta sanar da mai unguwa da jami'an tsaro, ganin halin da ƙasa take ciki, ta ɗauki ɗan gari mai sanin hanya, babba ɗaya ga yara kaɗan, a tafi da ruwa da takalmi mai kama ƙasa, a sauko da rana tsaka, kowa kuma ya dawo da shararsa.

Na biyu, masarauta da ƙaramar hukuma da jami'a suna iya haɗa kai a fitar da turba guda a Kufena, a sa mata alama, a horar da samarin yankin su ba da tarihin wurin. Fenti da allo ba su da tsada, kuma dutsen da ke ciyar da mutane, mutanen za su tsare shi.

Na uku, masu unguwanni su ƙirga kududdufan da ke kusa da gidaje da makarantu kafin damina, a cike wanda za a iya cikewa, a kewaye sauran. Uwaye su kife bokiti da baho, a rufe rijiya da murfi mai nauyi, gama ruwa kaɗan ya isa ya kashe mai rarrafe.

Na huɗu, a nemi hukumomi da makarantun da suke da wurin iyo su buɗe shi ga yaran gari lokacin hutu, da malami namiji ga maza, mace ga mata. A koya wa kowane yaro cewa in ɗan'uwansa ya faɗa ruwa, kada ya bi shi. Ya yi kururuwa, ya miƙa masa doguwar sanda, ko ya jefa masa jarka rufaffiya. Matasa kuma su nemi horon taimakon farko a wurin ƙungiyar Red Cross ko ma'aikatan jinya da ke cikinmu, su san yadda ake danna ƙirji da hura iska.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin tunawa da rigakafin nutsewa, kuma ranar tana faɗowa daidai lokacin da Kubanni take cika. Zai yi kyau zumuntar mata da ta matasa da shugabannin masallatai na unguwa su zauna tare a wannan mako su raba aikin nan a tsakaninsu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu, ya kai mu damina lafiya, amin.