Sinadarin da Aka Samo a Ƙasar Wani Tsibiri



Idan ka shiga aji ka tarar da makunnai huɗu a bango, yaya za ka gane na fanka? Sai ka kashe su ɗaya bayan ɗaya, ka ga abin da ya tsaya. To, haka masana suke yi wa ƙwayoyin halittar jikinmu, waɗanda muka karanta a darasin kimiyya. A cikin kowace ƙwaya akwai furotin masu aikin ɗan aike, su ne ke kai saƙon a girma ko a dakata. Yatsa ba ya iya taɓa su, don haka da sinadari ake kashe su.

Sinadarin da ya fi burge ni shi ne rapamycin. A 1964 wasu masu bincike daga Kanada suka tashi zuwa tsibirin Rapa Nui, mai manyan gumakan dutse, can cikin Tekun Pasifik. Suka ɗebo ƙasar wurin. Daga bakteriyar da ke cikinta ne Suren Sehgal da abokan aikinsa suka fitar da sinadarin a 1972 a birnin Montreal, sunansa ma daga na tsibirin aka ɗauko. Da aka rufe ɗakin bincikensu, sai Sehgal ya kai bakteriyar gida ya adana a firiza. Da a gidanmu ne, da tun ranar Mama ta zubar.

An ga yana hana ƙwayoyi girma, amma ba a san wane makunni yake kashewa ba. Sai a 1991, a birnin Basel na Siwizalan, Michael Hall da abokansa suka gwada shi a kan yis, irin wanda ke kumbura fanke. Suka ware yis ɗin da ya ci gaba da girma duk da sinadarin, suka duba abin da ya canza a cikinsa. Ta haka suka gano TOR, furotin ɗin da ke ce wa ƙwaya ta girma idan abinci ya wadata. Mu ma muna da irinsa, sunansa mTOR.

A 1999 Amurka ta amince a riƙa ba da shi ga waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, don kada garkuwar jiki ta yaƙi sabuwar ƙodar. Sai dai garkuwar tana yin rauni, cuta ta riƙa saurin kama mutum, shi ya sa likita ke auna jinin mai shan sa a kai a kai.