Idan Allon Mutum-mutumi Ya Fara Ƙona Yatsa

A Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde, an saba ganin matashi da ƙarfen dalma a hannu yana gyaran waya ko rediyo. Yanzu ƙannensu 'yan makarantar fasaha sun shigo da sabon wasa: su sayi allon Arduino a shagunan kayan lantarki, su haɗa shi da ƙananan injinan sarbo, masu juya hannun mutum-mutumi daidai gwargwadon umarni. Abin sha'awa ne, amma akwai kuskure guda da ke cinye kuɗin yaran nan, kuma ya kamata iyayen da ke biyan kuɗin su ma su san shi.

Alamomin ba sa ɓuya. Hannun ya kama karkarwa, allon ya mutu ya farfaɗo da kansa, ka taɓa ɗan baƙin abin da ke kusa da ramin caja ka janye yatsa ba shiri. Regileta ke nan, wanda girmansa bai fi ƙwayar wake ba. Aikinsa ya karɓi wutar da aka ba allon ya sauko da ita bolt 5.

To ina rarar take zuwa? Nan ne gizo ke saƙar. Irin regiletan da ke kan Arduino Uno ba ya adana rarar, zafi yake mayar da ita. Lissafin mai sauƙi ne: ka cire 5 daga ƙarfin wutar da ka shigar, ka ninka da abin da kayan ke ja. Ka sa adafta mai bolt 12, rara 7 ke nan. Ƙaramin sarbo SG90, idan kaya ya yi masa nauyi ya cije, yakan ja sama da rabin amfiya, wato zafin kusan wat 4, alhali regiletan da ya wuce wat 1 ya fara jigata. Babban sarbo irin MG996R kuwa yakan kai amfiya 2.5 shi kaɗai. Yaro ya jera huɗu, duk daga ƙafar bolt 5 ta allon!

Shi ya sa shawarar nan ta "wutar ce ba ta isa ba, nemo adafta mai ƙarfi" take da haɗari. Ƙarin bolt ƙarin zafi ne. Regiletan yana da dabarar kashe kansa idan ya ɗau zafi, sai dai ba kullum yake tsira ba, musamman a allunan kwaikwayo masu araha da suka cika kasuwa. Wani lokacin idan ya ƙone sai ya bar bolt 12 ɗin ya wuce kai tsaye, ƙwaƙwalwar allon kuma, ATmega328P, iyakar juriyarta bolt 6 ne. Shi ke nan, allo ya tafi. Ramin USB ma ba mafita ba ne, don fiyus ɗinsa rabin amfiya ne.

Maganin shi ne a raba musu tukunya. Sarbo ya sami wutarsa daban: batir AA huɗu, ko ɗan allon rage wuta irin LM2596, wanda ba ya ɓarnar wuta da yawa. Amma kafin ka haɗa shi da komai, ɗauki mita ka murɗa ɗan sukurinsa har ya tsaya a bolt 5, domin yadda ya fito daga leda ba tabbas. Daga Arduino wayar umarni kawai za ta je wa sarbo. Sannan a haɗa baƙar wayar batir da baƙar wayar allon. Mantawa da wannan ke sa hannun ya yi ta fizge-fizge. Kondensa mai lamba 470 zuwa 1000 kusa da sarbo yana taimakawa, muddin ba a juya ƙafafunsa ba, don juyayye fashewa yake yi.

Masu ɓarke tsohon batirin laftof su ciro ƙwayoyin 18650, ku yi hattara. Biyu a jere suna kai bolt 8.4 idan sun cika, sun fi ƙarfin ƙaramin sarbo, kuma wayoyinsu in suka haɗu gobara ce. A gidajen Briqueterie da ke manne da juna, kada a bar su a caji kan katifa a tafi masallaci.