Fijo 504 Da Jif Ɗin Zamani: Wace Ce Ta San Hanyar Gangara?

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Gobir ya san Fijo 504, musamman mai dogon baya, wadda direbobin haya kan cika da fasinja da buhunan gero ranar kasuwar Sabon Birni. A 1968 aka fito da ita a Faransa. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 shekaru masu yawa bayan Turawa sun sallame ta.

Abin da ya tuna mini da ita shi ne wata tafiya da muka yi da wani abokina a sabuwar jif ɗinsa ta alfarma. Gaskiya mota ce mai daɗi: ga sanyi, ga kujerun fata, ko ƙarar inji ba ka ji. Muna gab da Isa sai wata fitila ta kama a gaban direba, motar ta ƙi gudu. Bakaniken da aka kira ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya ce: “Alhaji, wannan sai an kai ta Sakkwato an jona mata kwamfuta.”

A matsayina na ɗalibin harshe, nan hankalina ya tsaya. Mai karatu ya lura, kusan kowane sashe na 504 yana da suna a bakin Bahaushe: kafireta, fulogi, lagireto, salansa, kuloci. Aro ne daga Ingilishi, ba musu, amma Hausa ta lanƙwasa su ta mayar da su nata, domin hannun Bahaushe ya kwance su ya ɗaura sau dubu. Kayan cikin sabuwar jif kuwa har yau ba su sami suna ba. Ta yaya za a raɗa wa abin da ba a taɓa riƙewa ba suna? Ba ina cewa 504 ba ta da aibu ba ne; tana shan mai, kuma ranar haɗari ba ta da jakar iskar da ke tsare rai. Sai dai in ta tsaya a Gangara, a Gangara ake tayar da ita.

Wani abin takaicin ya wuce batun inji. Wanda ke cikin jif ba ya jin ramin hanya, kuma galibi shi ne mai ikon gyara ta. Ga kuma ’yan bindiga. A Disambar 2021 sun ƙone fasinjoji cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024 sun sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, ya rasu a hannunsu. A irin wannan hanya, ƙyallin mota kiran tsautsayi ne. Abokin nawa ya gane haka tun ranar: yanzu a Sakkwato yake ajiye jif ɗin, ya shiga motar haya in zai je gaida mahaifiyarsa.