Ƙara Wa Babur Ƙarfi: Wanne Ya Fi Wa Ɗan Kasuwa Riba?

A Tamale babur ne jakin ɗan kasuwa. Shi ke ɗaukar kaya daga kasuwar Aboabo zuwa Paga, tafiyar kusan kilomita 200, ko ya bi ta Bawku ya tsallaka Cinkasse, ko ta Yendi zuwa Tatale. Da zarar inji ya fara nishi a hawa, sai mai shi ya shiga neman abin da zai ƙara masa ƙarfi. Mun duba hanyoyi 3 da aka fi bi, domin masu karatu su san inda za su zuba kuɗinsu.

Ta farko ita ce canja bulok da fistan. Da yawa daga cikin baburan China da ke nan an kwaikwayo injinsu ne daga Honda CG125. Faɗin fistan na wannan inji milimita 56.5 ne, na 150 kuwa milimita 62. Idan aka ɗora babban, inji ya tashi daga cc 124 zuwa 149, ƙarin kusan kashi 20 cikin 100 ke nan. Ƙarfin ja na gaske ne, amma yana da sharaɗi. Dole makanike ya daidaita kafireta, domin idan fetur ya yi wa babban fistan kaɗan inji zai riƙa zafi. Iska ce kawai ke sanyaya waɗannan injuna, kuma a watan Maris zafin Arewa kan kai digiri 40. Ga ƙarin shan mai, ga faifan kuloci da zai riƙa cinyewa da wuri. Sabon ringi kuma yana son a lallaɓa shi a farkon tafiya, a yi juyen baƙin mai da wuri.

Ta biyu ita ce buɗaɗɗiyar salansa da buɗaɗɗen matacin iska, wanda samari ke so. Ƙara ta fi ƙarfin yawa. Ga mai doguwar tafiya ma asara ce, don ƙurar hunturu za ta shige inji ta cinye ringi, babur ya fara hayaƙi.

Ta uku, wadda ta fi araha, ba ta taɓa inji ko kaɗan: canja faifan haƙoran sarƙa na ƙafar baya. Misali, a cire mai haƙora 38 a sa mai 41, ƙarfin ja zai ƙaru da kusan kashi 8, gudu kuma ya ragu da kamar haka. Mai ɗaukar buhu 2 a hawan Nakpanduri ja yake buƙata, ba tsere ba.

Akwai kuma batun takardu. Canja bulok ba ya taɓa lambar inji, amma wanda ya sauke inji gaba ɗaya ya ɗora wani, lambar ba za ta dace da takardar DVLA ba. Hakan na iya sa a tsare babur da kaya a kan iyaka, ranar kasuwa ta wuce.

Shawararmu ita ce a fara da sabis: fulogi, matacin iska, saita bawul. Sau da yawa ƙarfin da ake nema a nan ya ɓace. Idan bai isa ba a canja faifan haƙora. Bulok ya zama na ƙarshe, kuma a gyara birki tare da shi, tunda nauyin da inji ya ja birki ne zai tsayar da shi.

Allah ya kai mu kasuwa lafiya.